Daga kamu zuwa mita: yadda ake gwada mai sana'a

A da, a Hardawa da garuruwan ƙasar Katagum, ma'aunin mai sana'a yana jikinsa. Masaƙi na auna sawaye da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, mai haƙa rijiya na lissafa zurfi da gaba, hatsi kuma sai mudu da tiya. Jarrabawar almajirin sana'a ita ce idon maigidansa: in babbar riga ta zauna a kafaɗa, in katanga ta sha damina ba ta tsage ba, yaro ya iya.

Turawa suka zo da inci da ƙafa da yadi, da lissafin kuɗi mai wahalar sha'ani: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Ma'aikatar Ƙwadago ta riƙa yin gwajin sana'a mai mataki uku, a fara daga na uku a hau zuwa na ɗaya, 'yan makarantun fasaha kuma suna zana jarrabawar City and Guilds ta Landan. A ranar 1 ga Janairun 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam, kuma a shekarun nan ne ƙasa ta koma awon mita da kilo. An kafa hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, a Kaduna a 1977, sannan hukumar jarrabawa ta NABTEB, mai hedikwata a Benin, ta karɓi jarrabawar makarantun fasaha a farkon shekarun 1990.

Amma kasuwa ba ta saki tsohon awo ba. Tela a Azare har gobe da inci yake awo, bulo mai inci 9 ne ko 6, fili ƙafa 100 ne da 50, alhali zanen injiniya da milimita yake zuwa. Magini na juya lissafi biyun nan a ka, ya ja igiya uku, huɗu, biyar ya fitar da kusurwa daidai, ko da bai taɓa jin sunan Pythagoras ba. Ina jin ciwon yadda takardar jarrabawa ta daɗe tana kayar da irinsa.

Tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da NBTE ke kula da shi yanzu ya gyara wannan: mai tantancewa zai je wurin aiki, ya ga mutum ya ja tef, ya ƙiyasta buhun siminti nawa ɗaki zai ci, ya rubuta abin da ya gani. Da wannan hanya aka fara ba masu sana'a na kasuwar Panteka ta Kaduna takardar shaida. Maginin Hardawa ma yana jiran mai tantancewar ya iso.