Tumatir: Tarihin Baƙon da Ya Zama Ɗan Gida

Wanda ya ga kwandunan tumatir jere a bakin hanyar Kano zuwa Zariya cikin hunturu zai ɗauka tsiron nan tun kaka da kakanni yake ƙasar Hausa. Alhali kuwa baƙo ne, daga wata uwa duniya. Sanin hanyar da ya biyo yana da amfani ga manomi, domin kuwa ta wannan hanya ce babban abokin gabansa ya biyo shi.

Asalin tumatir yankin duwatsun Andis ne, a Amurka ta Kudu, inda ƙasashen Peru da Ekwado suke a yau. A can yake fitowa a daji, 'ya'yansa ƙanana ƙwarai. Amma a Meksiko aka mai da shi amfanin gona sosai, inda mutanen Aztek suke kiransa tomatl. Daga wannan kalma Sifaniyawa suka sami tomate, sunan da ya yi ta sauya kama a bakunan al'ummu.

Bayan da Sifaniyawa suka ci daular Aztek a 1521, sai suka kai irinsa Turai. Wani masanin tsirrai na Italiya, Mattioli, ya ambace shi a rubuce a 1544. Duk da haka Turawa da dama sun daɗe suna ɗari-ɗari da shi, saboda sun lura ɗan dangin tsirrai masu dafi ne. Ba su yi kuskure wajen dangantakar ba, don gidansu ɗaya da zaƙami da taba, kamar yadda yake gida ɗaya da gauta da barkono da dankalin Turawa. Sai a 1692 aka buga littafin girki a birnin Naples mai bayanin miyar tumatir. A ƙarni na 19 kuwa, da sana'ar adana abinci a gwangwani ta bunƙasa, tumatir ya zama hajar fatauci tsakanin ƙasashe.

A ƙasar Hausa ya tarar da miyar kuka da kuɓewa da daddawa sun riga sun kafu, bai kuwa ture su ba, sai ya samar wa kansa gurbi da jar miya. Abin da ya ɗaukaka nomansa shi ne noman rani. Tumatir ba ya son zafin dare, don furensa kan zube, kuma yawan ruwan damina kan jawo masa cututtuka. Saboda haka sanyin hunturu da ruwan fadama suka dace da shi. Akan yi renon iri kamar mako huɗu, a yi dashe, a fara ɗiba bayan wata biyu zuwa uku. Da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, filayen Kadawa da Kura suka zama cibiyar nomansa, ana loda shi har Legas, wanda ya yi saura kuma a yanka a shanya.

To, ga inda tarihi ya maimaita kansa. Akwai wani ɗan malam-buɗe-littafi, Tuta absoluta, wanda tsutsarsa ke cin ganye da 'ya'yan tumatir. A Peru aka fara bayyana shi, a 1917. Ya isa Sifen a 2006, ya bazu zuwa Afirka. A 2016 ya yi ɓarna mai tsanani a gonakin Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, masana'antar sarrafa shi ta Kadawa kuma ta dakatar da aiki don rashin abin sarrafawa.

Sai dai inda cuta ta fito, nan ake fara neman magani. Tun a shekarun 1940 masana a Amurka suka barbara tumatirin gona da na dajin Peru, suka sami iri mai jure tsutsar saiwa. Wato dangin da aka baro a daji su ne rumbun ƙarfin da na gona ya rasa. Ƙasar da ta dogara ga tsiron da ba nata ba, wajibi ne masu bincikenta su san tushensa, su kuma sa ido a kan abin da ke biyo sawunsa.