Takardar da ba ta da suna: Tu Youyou da masu ƙidayar ambato

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya fara rubuta memuwar ɗinsa ya san tambayar malamai: wa ya faɗi wannan, a wace mujalla, mutum nawa sunka ambace shi? Wannan ƙidaya ba ta daɗe a duniya ba. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya kawo shawararta a 1955, kuma a 1964 ya fitar da kundin da ke lissafa wace takarda ta ambaci wace. A 2005 Jorge Hirsch ya ƙara da awon nan da ake kira h, lamba guda tak da ake auna mai bincike da ita. Yau da irin waɗannan lambobi ake ƙarin girma a jami'o'i, da su ake raba kuɗin bincike.

Da mujallar Nature ta yi lissafi a 2014, zakaran shi ne Oliver Lowry. Takardarsa ta 1951 kan yadda ake awon furotin an ambace ta fiye da sau 300,000. Ba na ƙyashinsa, hanya ce mai kyau, duk wanda ya yi aiki da ita a labo dole ya rubuta sunansa. Amma ku zo mu dubi wata mata da ƙidayar ta tsallake shekara da shekaru, alhali babu gidan da aikinta bai shiga ba daga Tawa har Damagaram.

Lokacin yaƙin Biyetnam, masassarar cizon sauro tana kayar da sojoji, kuma kulorokin ya daina ci. Ranar 23 ga Mayu 1967 ƙasar Sin ta buɗe wani aiki na asiri mai lamba 523, da masana fiye da 500. A 1969 anka ɗora Tu Youyou kan wata ƙungiya a Beijin. Ba ta da digirin dokta, ba ta yi karatu waje ba. Ta bar ƴaƴanta mata biyu hannun wasu, ta shiga tonon tsoffin littattafan magani, ta tara haɗe-haɗe sama da 2,000.

Wani tsiro, qinghao, ɗan uwan tazargaden da muka sani, ya riƙa yi musu wasa da hankali: yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Sai ta ci karo da rubutun Ge Hong, wani mai magani na ƙarni na 4, inda ya ce a jiƙa ganyen a ruwa, a matse, a sha. Bai ce a dafa ba. Nan ta gane zafi ne ke kashe maganin. Ta koma tatsarsa da eta, wanda ke tafasa tun a digiri 35. A Oktoba 1971 gwaji na 191 ya share ƙwayar cutar sarai a jikin ɓeraye, daga baya a jikin birai. A 1972 ita da abokan aikinta biyu sunka sha shi da kansu kafin a ba marasa lafiya a tsibirin Hainan. (Kada wani ya ji haka ya bar likita ya koma shan jiƙo, abin da ke cikin ganyen bai da ma'auni, ƙwayar farmasi ce ke da shi.)

To ina ambaton? Takardar farko ta fito a 1977, da Sinanci, kuma babu sunan kowa a kanta sai na ƙungiya, don a zamanin nan ɗaga kai laifi ne. Wadda ta fito da Ingilishi a 1979 ita ma haka. Kun ga ke nan injin Garfield ba shi da inda zai rataya lamba. Maganin artemisinin ya bazu, a 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa haɗinsa a sahun gaba, amma ko masana cutar da yawa ba su san wa ya gano shi ba.

Ba ƙidaya ce ta tono sunanta ba, aikin tarihi ne. Louis Miller da Xinzhuan Su, masu bincike a Amurka, sunka bi tsoffin rahotannin asiri da takardun taro, sunka tambayi waɗanda sunka rage da rai, sannan sunka rubuta abin da sunka gano a mujallar Cell a 2011. A shekarar ta samu kyautar Lasker, a 2015 ta samu rabin Nobel, tana da shekara 84.

Ni dai har yanzu akwai abin da ke damuna. Kyautar ta gyara wani zalunci, ta kuma buɗe wani. Tsoffin ma'aikatan 523 da yawa sun yi ƙorafi, kuma suna da hujja. Li Guoqiao ne ya nuna maganin yana ceton wanda cutar ta hau wa ƙwaƙwalwa. Coartem ɗin da ake rubuta mana a likita duk damina, haɗin artemeta da lumefantirin, daga ƙungiyar Zhou Yiqing ya fito. Babu ɗayansu da anka kira Istokholm.