Daga Sana'ar Fada zuwa Abin Ɗebe Kewa: Yadda Warware Rubutun Sirri Ya Shiga Ran Masu Karanta Jaridu

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin yadda warware rubutun sirri, wanda tun asali aikin magatakardan fada da jakadu ne, ya rikiɗe ya zama wasan ƙwaƙwalwa da jama'a ke ɗoki a shafukan jaridun Amurka da Ingila tsakanin 1839 da 1930. Hujjar da ta kafa ita ce, wasan bai shiga ran mutane don tsananin wuyarsa ba, ya shiga ne lokacin da aka sassauta shi da gangan, aka kuma koya wa mai karatu dabarar cin galaba a kansa.

Ma'anar wasan da tushen dabararsa

Abin da ake kira kiriftogiram, kalmar da ta samo asali daga Girkanci da ma'anar ɓoyayyen rubutu, gajeren zance ne da aka musanya kowane harafinsa da wani harafi ko lamba ko alama, bisa sharaɗin cewa alamar da aka ba harafi ita zai riƙe tun daga farkon zancen har ƙarshensa. Jerin da ke nuna wace alama ce ke madadin wane harafi shi ake kira mabuɗi, aikin mai warwarewa kuwa shi ne ya gano zancen ba tare da an ba shi wannan mabuɗi ba. Idan zaurance yana ɓoye magana ga kunne ta hanyar cusa gaɓoɓi a cikin kalma, wannan yana ɓoye ta ne ga ido, kalmomin na nan da tsawonsu amma sun sauya riga.

A lissafi, hanyoyin da za a iya jera haruffa 26 na Ingilishi su zama mabuɗi sun kai adadi mai lambobi 27, wanda ba mai iya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai harshe yana tona asirin kansa, domin haruffa ba sa zuwa daidai wa daida a cikin magana. Rubutu mafi daɗewa da aka sani ya bayyana wannan shi ne na Abu Yusuf Yaƙub al-Kindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, a risalarsa kan fitar da ma'anar ɓoyayyen rubutu, wadda aka samu kwafinta a ɗakin karatu na Sulaimaniyya a Istambul, aka kuma buga ta a Damaskus a 1987. Ya nuna cewa idan aka ƙirga haruffan wani rubutu na fili a harshen da ake zato, sannan aka ƙirga alamomin ɓoyayyen rubutun, alamar da ta fi yawa za ta dace da harafin da ya fi yawa, kamar alif da lam a Larabci. Wannan dabara ta ƙidayar haruffa ta yi kusan shekara dubu tana hannun masana da ma'aikatan sarakuna, ba ta zama abin wasa ga talaka ba.

Ƙalubalen Filadelfiya

Abin da ya sauya lamarin shi ne jarida mai araha da yawaitar masu karatu. A Disamban 1839, Edgar Allan Poe, marubucin da talauci bai taɓa sakin wuyansa ba, ya yi shela a jaridar mako-mako ta Alexander's Weekly Messenger da ke Filadelfiya cewa duk wanda ya ƙirƙiri haruffan sirri ya aiko da saƙo, zai karanta shi. Wasiƙu suka yi ta zuwa har cikin bazarar 1840, yana buga amsoshin tare da zolayar masu aikowa, wani lokaci ma yana kukan cewa sun hana shi sakat. Daga baya ya yi iƙirarin ya warware kimanin ɗari, ko da yake waɗanda suka bi sawun jaridar sun ƙirga ƙasa da rabin haka.

Muhimmin abin lura a nan shi ne sharuɗɗan da ya gindaya, wato alama ɗaya ta tsaya wa harafi ɗaya, a kuma bar tazarar da ke tsakanin kalmomi yadda take. Wannan ba ƙaramin sassauci ba ne, domin a Ingilishi kalmar da ke da harafi guda kusan kullum ɗaya ce daga cikin biyu, kalma mai haruffa uku da ke yawan maimaituwa kuwa ba ta da wuyar cinka. Magatakardan da ke tsaron asirin sarki ba zai taɓa barin irin wannan ƙofa a buɗe ba, amma ita ce ta mayar da sana'a wasa, tunda ta ba mai warwarewa wurin sa ƙafa. A Yulin 1841 Poe ya ƙara da wata maƙala kan rubutun sirri a mujallar Graham's Magazine, inda ya tsaya kan cewa basirar ɗan Adam ba za ta ƙulla abin da basirar ɗan Adam za ta kasa kwancewa ba.

Har zuwa nan mai karatu ɗan kallo ne, shi ke ƙullawa, gwani na kwancewa. Labarin The Gold-Bug, wato ƙwaron zinariya, wanda ya ci kyautar dala 100 a gasar jaridar Dollar Newspaper aka buga shi a Yunin 1843, shi ya juya wannan alaƙa. Jarumin labarin, William Legrand, ya tsinci wata fata kusa da tsibirin Sullivan na jihar Karolina ta Kudu, ɗauke da lambobi da alamomi da ke nuna inda ɗan fashin teku Kyaftin Kidd ya binne dukiya, kuma maimakon marubucin ya ce kawai ya gane, sai ya sa shi ya bayyana aikin daki-daki. Lamba 8 ta fito sau 33, fiye da kowace alama, don haka ya ɗauke ta a matsayin harafin e, ya ƙarfafa zatonsa da ganin tana zuwa a tagwaye. Sai ya lura da wasu alamomi uku da suka zo a jere har sau 7 suna ƙarewa da 8, ya ce wannan ita ce kalmar nan mai haruffa uku da ta fi kowace yawa a Ingilishi, wato the, nan take ya sami t da h. Daga nan kowane harafi da ya faɗo sai ya jawo wani, kamar yadda saƙa ke warwarewa da zarar an kama bakin zaren. Wannan lokaci, da jerin alamomi marasa ma'ana ke fara magana a gaban ido, shi ne ainihin abin da ke kama mutum, kuma labarin ya ba mai karatu damar ɗanɗana shi da fensir a hannu.

Bai kamata a zuzuta ƙwarewar Poe fiye da kima ba. Jerin yawan haruffan da ya bayar a labarin ya sa t a matsayi na 10, alhali shi ne na 2 a Ingilishi. Haka kuma wani saƙo da aka aiko masa daga Lewistown a 1840, wanda ya kafa hujjoji cewa shirme ne aka haɗa don a yaudare shi, an warware shi a shekarun 1970 aka ga sahihin zance ne, sai dai an ƙulla shi da tsarin Vigenère, inda harafi ɗaya ke sauya alama bisa wata kalmar mabuɗi, ga kuma kurakuran ɗab'i. William Friedman, wanda ya shugabanci ma'aikatan da suka karya tsarin sirrin jakadancin Japan a 1940, ya nazarci aikin Poe a 1936 ya same shi bai wuce na mai sha'awa ba, duk da cewa labarin ƙwaron zinariya ne ya fara nuna masa fannin tun yana yaro.

Landan da abin da ya biyo baya

A Ingila sha'awar ta bi wata hanya dabam. Masoyan da iyaye suka sa wa ido sukan biya kuɗi a buga musu saƙonni cikin haruffan sirri a shafin tallace-tallacen jaridar The Times, su kuwa masana irin su Charles Babbage da Charles Wheatstone da Lyon Playfair suka mai da karanta su abin hira. An ruwaito cewa Wheatstone ya taɓa gano saƙon wani ɗalibin Oxford da ke neman budurwarsa su gudu tare, sai ya buga nasa saƙon da mabuɗinsu yana ba su shawarar su fasa. A nan daɗin warwarewa ya haɗu da daɗin leƙen asirin wasu, abin da Arthur Conan Doyle ya yi amfani da shi a 1903 a labarin Sherlock Holmes na 'yan zanen mutane masu rawa.

Wasan ya tsaya da ƙafafunsa ne a ƙarni na 20, lokacin da M. E. Ohaver ya buɗe fili na musamman a mujallar labaran bincike ta Flynn's a 1924, inda masu karatu ke ƙulla wa juna suna kwancewa. Bayan 'yan shekaru aka kafa ƙungiyar masu warware rubutun sirri ta Amurka, wadda ta fara fitar da mujallarta The Cryptogram a 1932, ta kuma raba wasan aji-aji: wanda aka bar tazarar kalmominsa, irin na sharaɗin Poe, da wanda aka cire tazarar aka jera haruffan biyar-biyar don waɗanda hannunsu ya faɗa. Saƙonni biyu da Poe ya buga a Graham's a Disamban 1841 da sunan wani W. B. Tyler, ya bar wa masu karatu ba tare da amsa ba, sun jira har Terence Whalen ya warware na farko a 1992, Gil Broza na Toronto kuma ya warware na biyu a 2000 da taimakon kwamfuta.