Tarihin Zubin Baƙaƙen Hausa Masu Ƙugiya: Darasi Daga Sunan Haɗeja

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin baƙaƙen nan uku masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, tun daga zamanin maɗaba'ar dalma har zuwa zamanin kwamfuta. Abin da muke nufi da zubi shi ne siffar da maƙeri ko mai zane ya ba dukkan baƙaƙen abacada don su yi kama da juna a shafi. An ɗauki Haɗeja a matsayin misali saboda sunan garin yana ɗauke da matsalar. Mutanen ƙasar suna furta shi da ɗ, kuma riwayar da ake bayarwa ta danganta shi da wani maharbi mai suna Haɗe da matarsa Jiya. Amma a taswira da takardun hukuma an san shi da "Hadejia", kamar yadda Turawa suka rubuta shi.

2.0 Kafin Zuwan Ƙugiya

Malaman ajami ba su rasa dabara ba. Galibi sukan ari baƙin ɗa na Larabci su rubuta sautin ɗ, su ari ƙaf su rubuta ƙ, da alƙalamin kara mai kaurin baki. Wahala ta faɗo ne a kan boko, domin maɗaba'un Turai ba su da baƙin da ya dace da waɗannan sautuka. Lokacin da Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi a 1906, babu daidaitacciyar ƙa'ida. Wasu marubuta ba sa bambantawa ko kaɗan, wasu suna sa ɗigo a ƙarƙashin baƙi, wasu kuma waƙafi a gefensa. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, amma duk waɗannan dabaru kwaskwarima ce aka yi wa baƙaƙen da maɗaba'a take da su.

3.0 Zamanin Zariya

A cikin shekarun 1930 ne Dakta R. M. East na Hukumar Talifi ta Zariya, bayan shawara da Farfesa Westermann na Jamus, ya tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya. Ya kamata a lura da nauyin wannan mataki. A wancan lokaci kowane baƙi sai an zuba shi da dalma, babba da ƙarami, a kowane girma da ake bukata. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, su suka sa idon mai karatu ya saba da su. Da irin waɗannan baƙaƙe aka buga waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, har sunan garinsu ya shiga makarantu da ƙugiyarsa.

Sai dai ofis bai bi maɗaba'a ba. Tafiretocin da ake shigowa da su na Ingilishi ne, don haka akawu ko dai ya bar baƙin haka nan, ko ya bi shi da alƙalami ya ƙara ƙugiya. Wannan ne ya sa a tsakiyar shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta ɗauki nauyin samar da zubi guda don harsunan Nijeriya. Edward Oguejofor da Victor Manfredi suka yi aikin, da taimakon Hermann Zapf, shahararren mai zanen baƙaƙe na Jamus.

4.0 Zamanin Kwamfuta

Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ba kowane ɗaya daga baƙaƙenmu lambarsa. Amma an raba musu gida. Ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin masana furuci, alhali manyansu da Ƙ da ƙ suna wani rukuni dabam. Mai zanen da ya ɗauka rukunin farko na masana ne kawai yakan tsallake shi. Idan zubi ya rasa baƙi, na'ura takan aro shi daga wani zubin, shi ya sa ake ganin ɗ ɗin Haɗeja ya fi 'yan'uwansa kauri ko siranta, ko kuma ɗan akwati ya fito a gurbinsa.

Matsalar ta ƙara muhimmanci saboda manyan kamfanoni yanzu suna sa a zana musu zubi na kansu don a shaida su da shi, kamar yadda Apple ya yi da San Francisco, IBM kuma da Plex a 2017. Wanda ya biya kuɗin aiki shi ke faɗin harsunan da za a sa. An samu ci gaba ta wani gefen: zubin Noto na Google ya ƙunshi baƙaƙenmu, ƙungiyar SIL kuma ta fitar da Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun allo da ake kira Rubutun Kano.

5.0 Kammalawa

Kada a ɗauki ƙugiya ado. A ƙasar fadama, inda hukuma ke aika wa manoma da masunta gargaɗin ambaliya a rubuce, ita ce ke raba "baki" da "baƙi", da "kasa" da "ƙasa", da "fada" da "faɗa". Tarihin da muka bi ya nuna cewa duk lokacin da aka sauya na'ura, ƙugiya ce take fara ɓacewa, kuma ba ta dawowa sai wata hukuma ta tsaya kai da fata, kamar yadda aka yi a Zariya.

Saboda haka muna ba da shawara ga sassan Hausa na jami'o'inmu, da gwamnatin Jihar Jigawa, da bankuna da kamfanonin da ke talla da Hausa, cewa duk zubin da za a saya ko a ba da kwangilarsa a gindaya sharaɗin ya ƙunshi ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana, har da ƴ da ake amfani da shi a Nijar. Gwajin ba shi da wuya: a buga sunan Haɗeja a duba. Allah ya sa mu dace.