Asalin Kalmar Amana da Tarihinta a Kudancin Jigawa

Kalmar da ta fi yawo a bakin 'yan jarida a yau idan ɓangarori biyu suka cim ma matsaya ita ce yarjejeniya, wadda ta samo asali daga yarda, amma a ƙarni na 19 akwai wata kalmar da ta fi ta nauyi a harkar mulki, wato amana. Daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma tushenta ɗaya da imani da aminci. Larabawa sun bambanta abin da aka ba mutum ajiya da kuma alkawarin kare ran wanda ba Musulmi ba, wanda malaman fiƙihu ke kira amani, sai Hausawa suka haɗe ma'anonin biyu a kalma guda.

Bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, amana ta zama sunan wani tsari sananne, inda al'ummar da ba ta musulunta ba take karɓar sharaɗin biyan haraji ga sarki, shi kuma ya ɗauke mata hari, ya bar ta da gonakinta da al'adunta. Muhimmancin wannan tsari ya fi bayyana a bakin iyaka, kuma Birnin Kudu da Gwaram na kudancin Jigawa ta yau, waɗanda a lokacin suke ƙarƙashin masarautar Kano, suna maƙwabtaka da duwatsun Ningi, mazaunin Warjawa da Butawa. Wajen 1846 wani malami, Malam Hamza, ya bar garin Tsakuwa na ƙasar Kano saboda saɓani kan haraji, ya shiga waɗannan duwatsu, inda magadansa suka kafa mulkin da ya daɗe yana kai hare-hare kudancin Kano, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da su. A irin wannan zama, ƙulla amana ko warwarewarta shi ke nuna ko manomi zai kwana a gona ko kuwa sai ya gudu cikin ganuwa.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, ma'anar siyasar ta dushe, ta ajiya kuwa ta tsaya daram. Har gobe manomi yakan ba makiyayi shanunsa amana ba tare da takarda ba, kuma mai cin amana ya fi ɓarawo muni a idon jama'a, domin shi an yarda da shi tun farko.