Dajin da aka ce ba kowa: yadda Amurka ta ƙera wuraren shaƙatawarta

Daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Satumba, lokacin da makarantun Amurka ke dogon hutu, iyalai kan loda tantuna da kayan girki a mota su nufi daji. Wasu su tafi jihar Wyoming su jira maɓulɓular Old Faithful, wadda kusan duk bayan awa ɗaya da rabi take feso tafasasshen ruwa sama da mita 30. Wasu su nufi Arizona su tsaya a bakin kwazazzabon Grand Canyon, mai zurfin da ya haura kilomita ɗaya da rabi. Akwai masu hawan duwatsun Yosemite a Kalifoniya, da masu tattaki a tsaunukan Tennessee. Ƙasar na da manyan gandayen daji 63, kuma wuraren da hukumar gandayen ke kula da su na karɓar ziyara fiye da miliyan 300 a shekara.

Abin da ake tallata wa waɗannan baƙi kusan iri ɗaya ne a kowace jiha: ga ƙasa nan kamar yadda aka halicce ta, ɗan Adam bai taɓa ta ba. Tarihi kuwa ya nuna sai da aka yi aiki, wani lokaci da bindiga, kafin wuraren su zama fayau yadda ake ganin su a hoto.

A fara da Yellowstone, domin shi ne abin koyin saura. A 1871 wani masanin ƙasa, Ferdinand Hayden, ya jagoranci ayarin bincike zuwa yankin, tare da mai ɗaukar hoto William Henry Jackson da mai zane Thomas Moran. Hotuna da zane-zanen da suka dawo da su sun ratsa 'yan majalisa a Washinton. Amma akwai wani mai ruwa da tsaki da ba a cika ambato ba, wato kamfanin jirgin ƙasa na Northern Pacific, wanda ke shirin shimfiɗa layin dogo ta arewacin yankin, yana kuma neman dalilin da zai sa masu kuɗi daga gabashin ƙasar su sayi tikiti. Ranar 1 ga Maris, 1872, Shugaba Ulysses Grant ya sa hannu kan dokar da ta keɓe kusan murabba'in kilomita 9,000 domin amfani da shaƙatawar jama'a.

Sai dai wace jama'a? Mutane sun shafe aƙalla shekaru 11,000 suna zirga-zirga a wannan yanki. Akwai wani tsauni a cikinsa na baƙin dutse mai ƙyalli kamar gilashi, wanda ake sassaƙa kan mashi da kibiya da shi, kuma an tono kayan da aka yi da dutsensa har a jihar Ohio, tafiyar fiye da kilomita 2,000. Wurin da hajarsa ke kaiwa wannan nisa ba za a kira shi dajin da ba a sani ba. Lokacin da aka kafa gandun, wani reshe na al'ummar Shoshone da ake kira Tukudika na zaune a tsaunukansa, suna farautar tumakin dutse. Kafin ƙarshen shekarun 1870 an kwashe su zuwa keɓaɓɓun yankunan da gwamnati ta killace wa 'yan asalin ƙasa.

A watan Agustan 1877 aka yi wata haɗuwa da ta tona asirin lamarin. Mutanen Nez Perce kimanin 800, har da mata da yara da tsofaffi, suna gudun sojojin Amurka da ke son tilasta musu zama a killataccen yanki, sai hanya ta biyo da su ta cikin Yellowstone. A can suka yi kiciɓis da 'yan yawon buɗe ido da suka zo kallon maɓulɓulai, aka kashe biyu daga cikin baƙin. Labarin ya tsorata masu niyyar zuwa, shi kuwa shugaban gandun na lokacin, Philetus Norris, ya duƙufa wajen hana ƙabilu shiga, ya kuma taimaka wajen yaɗa zancen cewa dama can 'yan asalin ƙasa tsoron maɓulɓulan suke yi, ba sa kusantar wurin. Zancen ba shi da tushe, amma ya daɗe a littattafan jagoran baƙi, domin ya yi wa kowa daɗi: baƙo ya kwantar da hankalinsa, gwamnati kuma ta huta da tambayar wa ta kora. Daga 1886 zuwa 1918 sojoji ne suka riƙe gandun.

Labarin Yosemite ya fi wannan muni, ya kuma fi koyarwa. Turawan da suka fara shiga kwarin a ƙungiyance, a 1851, mayaƙan sa-kai ne da aka tura lokacin haukar neman zinariya ta Kalifoniya su fatattaki mutanen Ahwahneechee da shugabansu Tenaya. Suka ƙona bukkoki da rumbunan abinci. Shekaru 13 kacal bayan haka, a 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu kan dokar da ta miƙa kwarin ga jihar Kalifoniya domin a adana shi, a 1890 kuma aka kafa gandun ƙasa a kewayensa.

Abin da ya ruɗi baƙin farko shi ne kyawun filayen kwarin: ciyawa shimfiɗe, manyan itatuwa jefi-jefi, ana hango duwatsu da magangarun ruwa ba abin da ya tare ido. Suka ɗauka haka Allah ya bar wurin. Alhali mazauna kwarin ne ke cinna masa wuta lokaci-lokaci, yadda makiyayi kan ƙona tsohuwar ciyawa don sabuwa ta tsiro, domin su hana ƙananan itatuwa cike fili, su kuma kare itatuwan oak da suke niƙa 'ya'yansu su yi gari. Da aka kori masu wutar aka haramta ƙuna, sai kurmi ya soma cinye filayen. Yau ma'aikatan gandun da kansu ke cinna wutar, bisa tsari da lissafi. John Muir, marubucin da ya fi kowa sa Amurkawa son Yosemite, wanda ya kafa ƙungiyar Sierra Club a 1892, ya ga 'yan asalin wurin da idonsa, ya kuma rubuta su a matsayin waɗanda ba su dace da kyawun wurin ba. Ragowarsu sun ci gaba da zama a kwarin suna wanki da aikin otal da sayar da kwanduna, har 1969 da hukuma ta rushe ƙauyensu na ƙarshe.

A 1916 aka kafa Hukumar Gandayen Ƙasa, kuma shugabanta na farko, Stephen Mather, attajiri ne da ya san talla. Shekara guda kafin nan aka fara barin motoci shiga Yellowstone, daga nan hutu a daji ya fara sauka daga hannun masu kuɗi zuwa ga iyalin ma'aikaci. A jihar Montana kamfanin jirgin ƙasa na Great Northern ya riƙa ɗaukar mutanen Blackfeet su yi shigar gargajiya su tarbi baƙi a gandun Glacier, a kan ƙasar da aka karɓa daga hannunsu, inda kuma aka hana su farauta.

Korar ba ta tsaya ga 'yan asalin ƙasa ba. Don kafa gandun Shenandoah a Virginia a shekarun 1930, an tashi ɗaruruwan iyalai na talakawan Turawa manoma. Da aka buɗe shi kuma, aka ware wa baƙaƙen fata sansaninsu daban a Lewis Mountain. A 1964 majalisa ta yi dokar da ta fassara daji na ainihi da cewa wuri ne da mutum ke ziyarta ba ya zama. Wannan fahimta ta riga ta ƙetare teku: a 1959 an fitar da Masai daga Serengeti a kan hujja mai kama da ita.

Ba na cikin masu cewa gandayen kuskure ne. Ba don dokar 1872 ba, da wataƙila an yanka Yellowstone fuloti-fuloti an sayar, kamar yadda 'yan kasuwa suka mamaye bakin magangarar Niagara tun kafin lokacin. A cikinsa ne ragowar ɓaunar Amurka ta daji, da ba su kai talatin ba a farkon ƙarni na 20, suka tsira har suka sake yaɗuwa. Abin da nake ƙi shi ne a ba da labarin adanawar a ɓoye waɗanda suka biya kuɗinta.

An fara gyara, a hankali. A 1975 majalisa ta mayar wa Havasupai kimanin eka 185,000 a gefen Grand Canyon, bayan an matse su a eka 518 tun 1882. A 2021 Deb Haaland ta zama 'yar asalin ƙasa ta farko da ta riƙe ma'aikatar da gandayen ke ƙarƙashinta, Chuck Sams kuma ya zama na farko da ya shugabanci hukumar.

A South Dakota kuwa maganar na nan a buɗe. Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta tabbatar wa Lakota tsaunukan Black Hills. A 1874 aka gano zinariya, a 1877 gwamnati ta ƙwace. Rabin ƙarni bayan haka wani masanin tarihin jihar, Doane Robinson, ya kawo shawarar a sassaƙa manyan mutum-mutumi a duwatsun domin jawo masu yawon buɗe ido, kuma daga 1927 zuwa 1941 aka fito da fuskokin shugabanni huɗu a Dutsen Rushmore. A 1980 Kotun Ƙoli ta yanke cewa an karɓi ƙasar ba tare da biyan haƙƙi ba, ta tabbatar da diyyar sama da dala miliyan 100. Ƙabilun suka ƙi karɓa, suka ce tsaunukan ba na sayarwa ba ne. Kuɗin na nan a asusun gwamnati, sun haura dala biliyan ɗaya saboda ruwan da suke tarawa, yayin da kimanin mutum miliyan biyu ke zuwa duk shekara su ɗauki hoto a gaban fuskokin.