Idan Kwamfuta Ta Ƙi Ganin Rikoda: Yadda Ake Gano Matsalar Ba Tare Da An Rasa Murya Ba

Wakilin da ya dawo daga zaman Majalisar Dokokin Jihar Nasarawa yana sauri ya kai rahoto, da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Lafiya da ya yini yana hira da dattawa domin bincikensa, duk suna iya cin karo da matsala guda: a jona rikoda da kwamfuta, kwamfutar ta yi shiru kamar ba a jona komai ba. Abin da ya kamata a fara sani shi ne muryar ba ta ɓace ba, tana nan cikin katin memori. Galibi hanyar da ke tsakanin na'urorin biyu ce ta yanke, kuma gaggawar gyara ta fi matsalar kanta haɗari.

A fara da waya. Wayar USB ta yau da kullum tana da silli huɗu a ciki, biyu na wuta, biyu na bayanai. Da yawa daga cikin masu arha, musamman waɗanda ke zuwa da abin cajin tafi-da-gidanka, na wuta kawai suke da su. Rikoda za ta kunna, fitilarta ta haska, mai ita ya ɗauka komai lafiya, alhali babu hanyar da fayil zai bi. A sauya waya, a sauya kafar da aka jona, a kuma duba bakin rikodar, domin ƙurar hunturu kan cushe shi.

Sai yanayin haɗin. Na'urori irin su Zoom H1n da Tascam DR-05X sukan tambaya a fuskarsu ko za su yi aiki a matsayin makirufo ne ko a matsayin ma'ajiyar fayiloli. Wanda ya zaɓi na farko ba zai ga fayil ko ɗaya ba, komai tsawon jiransa. Idan kuwa makirufon ake so, kamar don karanta rahoto kai tsaye cikin manhajar Audacity, a jona rikodar kafin a buɗe manhajar, sannan a tabbatar Windows ta ba da izinin amfani da makirufo a sashen tsare sirri.

Shi ma katin yana da ƙa'ida. Wanda bai wuce gigabayit 32 ba yana zuwa da tsarin FAT32, na 64 zuwa sama kuwa da exFAT, wanda tsofaffin rikodoji da dama ba sa karantawa. A FAT32 fayil ɗaya ba ya wuce gigabayit 4, shi ya sa rikoda kan raba dogon taro gida-gida. Kada a ga guntu ɗaya a ɗauka saura ya salwanta.

Inda aka fi yin asara shi ne lokacin da Windows ta fito da saƙon cewa sai an yi fomatin katin kafin a yi amfani da shi. Kada a amince. Hakan kan biyo bayan mutuwar batir ana tsaka da ɗauka, ko zare waya ana kwafe fayil, ko ɗaukewar wuta ga mai kwamfutar tebur. A ciro katin, a sa shi a na'urar karanta memori, a gwada a wata kwamfutar. Idan bai buɗe ba, manhajojin ceto irin su PhotoRec da Recuva na iya dawo da fayilolin, muddin ba a sake ɗaukar wata murya a kansa ba, domin sabuwa kan hau gurbin tsohuwa.

Akwai kuma cutar kwamfuta da ake kwasowa a shagunan buga takardu, wadda ke ɓoye fayiloli ta bar gumakan bogi a madadinsu. Kada a danna gumakan. A wanke katin da manhajar kariya, sannan a umarci Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli. Yawanci suna nan ba a goge su ba.

Sai bayan an kwafe komai zuwa wuri biyu ne fomatin ya dace, kuma a cikin rikodar za a yi shi, ba a kwamfuta ba.